Mu da hawan jini a unguwar nan

Mu dai hawan jini kamar zazzaɓi muke ɗaukarsa. Likita ya auna ya ga 160 bisa 100, ya rubuta amlodipine, ya ce ƙwaya ɗaya kullum, ba fashi. Mu ce to. Bayan sati biyu kai ya daina sarawa, sai katin maganin ya koma aljihun babbar riga. Ka tambayi mutum, ya ce ai ya warke. Alhali ƙwayar ce ta danne jinin, in aka ajiye ta kuwa zai sake hawa ba sallama. Galibi ma ba ya nuna alama, sai dai a ji wane ya faɗi a banɗaki, ɓarin jiki ya shanye. Nan kuma mu ce jifa ne.

Gishiri fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, ƙaramin cokali ɗaya ke nan bai cika ba. Hajiya ta rantse ta daina sa shi a miyar Alhaji, sai dai ta ƙara Maggi uku don kada miyar ta yi lami, shi kuwa dunƙulen cike yake da gishirin. Alhajin ma ba baya ba: bayan isha'i yana wurin mai tsire, "Ƙaro yaji, ɗan nan."

Masu ciwon suga sun fi mu dabara. A teburin mai shayi a ce, "Malam, kada ka sa min suga," sannan a tsiyaya zuma, a haɗa da rabin burodi. A gidan biki a miƙo lemo, a ce yau ɗaya dai. Wace Asabar ce ba a biki a layin nan?

An ce mu riƙa tafiyar ƙafa, ko da minti 30 ne. Dattijo ya gwada, bai kai bakin titi ba mai babur ya tsaya: "Baba, lafiya? Motar ce ta lalace? Hau in kai ka." Kunya ta sa ya hau.

Akwai dai wanda kuɗi ne ya raba shi da magani, wannan ba abin dariya ba ne. Amma cikinmu har da mai kukan tsadar ƙwaya, wanda jiya ya sayi jarka guda wurin mai lasifika a bakin kasuwa, wai tana kashe suga da hawan jini da basir cikin kwana bakwai.