Larabcin Littafi a Alƙahira

Na sauka Alƙahira da taƙama, don a gida ko liman kan tambaye ni nahawu. Ranar farko na tari mai tasi a dandalin Ramsis, na zuba masa Larabcin littafi, har da wasalin ƙarshe. Ya saurare ni da ladabi kamar mai jin huɗuba, sannan ya ninka min kuɗin mota.

Ashe Misirawa sun daɗe da sallamar harafin ƙaf, ƙahwa, wato gahawa, ta koma ahwa. Burodi kuwa sunansa aish, wato rayuwa. Da na yi mako ina haɗa shi da wake safe da dare, sai na daina musu. Ga koshari, shinkafa da taliya da makaroni a kwano ɗaya. Da Inna ta gani, cewa za ta yi a kai mai girkin wurin malam.

Giza ta ƙarasa ni. Ni ɗan Katsina, da raƙuma ke wucewa ta ƙofar gidanmu, na biya kuɗi na hau raƙumi. Sauka ma sai da na sake biya.

Jarrabawar Jami'ar Azhar dai na ci. Cinikin tumatir har yau da yatsa nake yi.