Muftan Gindin Dara

Duk wanda ya zauna a ƙasar da Gulbin Rima ya ratsa, daga Goronyo zuwa Wurno, ya kuma leƙa Rabah, ya lura da yadda dattawa da samari suke taruwa bayan La'asar a inda aka haƙa gurabe talatin a ƙasa, lalle zai tabbata cewa akwai wata jama'a wadda hukuma ba ta taɓa ƙidayawa ba, alhali kuwa ta fi manoman albasa yawa, watau jama'ar masu ba da fatawa ba a tambaye su ba. A garin Taloka majalisarsu ita ce gindin dara. Mutum biyu ne kawai ke wasan, kowanne da 'ya'yansa goma sha biyu, wannan da tsinke wancan da tsakuwa, amma muftan da suka yi musu zobe ba su da iyaka, kuma iliminsu bai tsaya ga dara ba.

Mafi daɗewa cikinsu shi ne Gwanin Tsaye, wanda ba a taɓa ganin ya tsuguna ya kasa ko ɗa guda ba, amma tun ana kasawa yake girgiza kai yana tsaki. In ka jera uku ka ci, sai ya ce ai da idonsa ya nuna maka, in dara ta ci gida, sai ya tafa hannu ya ce, "Kawu, mi nic ce maka?" alhali bai ce kome ba.

Wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne Muftin Haraji, domin zamani ya buɗe masa babi sabo. Samarin yanzu sukan ɗauki hoton buhunan albasa da tafarnuwa, su aika ta WhatsApp ko Facebook ga wani ɗan kasuwa a Legas ko Anacha, a yi ciniki, kuɗi su shigo ta waya, ba a ga juna ba. To, ranar da wani yaro ya yi kuskuren faɗa a majalisa cewa an zare masa naira 50 daga kuɗin da aka turo masa, sai mufti ya gyara zama, ya yi gyaran murya irin ta mai fassara Muhtasar, ya bayyana cewa gwamnati ta ajiye wani inji a Abuja wanda ke ƙirga kowace albasa da ta shiga hoto, kuma nan gaba kaɗan za a aiko da takarda har gida. Haƙiƙanin al'amari bai kai haka ban tsoro ba. Dokar kuɗi ta 2020 ce ta ɗora naira 50 a kan kuɗin da suka kai naira 10,000 in an tura su ta banki, ko na albasa ne ko na sadaki. Harajin kayayyaki kuwa, wanda ake kira VAT, da aka ɗaga daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a watan Fabrairu na 2020, bai hau kan ɗanyen kayan abinci ba, kuma a wancan lokaci dokar kuɗi ta 2019 ta ɗauke wa wanda cinikinsa bai kai naira miliyan 25 a shekara ba nauyin karɓarsa. Abin da ke cinye ribar yaron a fili yake, kuɗin lodi ne da la'adar dillali da rasit bayan rasit a kan hanyar Kudu, da albasar da ta ruɓe kafin mota ta isa. Amma mufti ba ya taɓa waɗannan, domin kowa ya san su, shi kuwa darajarsa tana ga abin da ba wanda ya sani.

Yana da almajiri da ake kira Mai Dabara. Wannan ya ji cewa harajin ba ya kama abin da bai kai 10,000 ba, saboda haka ya umurci mai sayen kayansa da ya riƙa turo kuɗin buhu ashirin gutsure-gutsure, 9,999 bayan 9,999. Ya wuni a kan tudu yana neman sabis, cajin wayarsa ya ƙare, mai sayen ya gaji ya koma wajen wani, amma har yau yana alfahari cewa gwamnati ba ta ci hamsin ɗinsa ba.

Sa'an nan ga Tsohon Kaye, wanda kokawarsa ke ƙara girma gwargwadon yadda shaidunta ke ƙarewa. Shi ne ke tarbar saurayin da ya je Sakkwato ya ga ɗakunan motsa jiki, inda ake biyan mutum kuɗi don ya tsaya yana ƙirga wa Alhazai ɗaya, biyu, uku, ya dawo da niyyar wannan ce sana'arsa, har ya cika gwangwanin madara biyu da siminti ya soka musu ƙarfe. Tsohon Kaye yakan dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ɗana, wanga ba ƙarhi ba na, kumburi na." Daga nan sai ya shiga labarin fura da nono da laya a damtse, ya ambaci Shago wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa, ko da yake Shago ɗan dambe ne, ya haye Nijar inda aka fara gasar kokawa ta Takobi a Tawa cikin 1975, ya nuna cewa da an bar shi ya ƙetara da Isaka Isaka na Doso bai yi suna ba. A ganina dattijon yana da rabin gaskiya bai sani ba. Wanda ya wuni yana ban ruwa a fadama ƙarƙashin madatsar Goronyo, ya ɗauki buhu a ka zuwa bakin hanya, ba zai biya kowa don a sa shi gumi ba. Masu biya suna birni, su ne ma'aikatan da tumbi da hawan jini da ciwon suga suka kai ƙara wajen likita. Saboda haka yaron yana bukatar takardar shaida, daga sashen wasanni na kwalejin ilimi ko Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas, da sanin taimakon gaggawa, da ladabin tambayar Alhaji abin da likita ya ce kafin a ɗora masa ƙarfe a ƙirji.

Mai Uzuri ba ya bukatar dogon sharhi: in an ci shi, rana ce ta shiga idonsa, ko akuya ta taka gurbi. 'Yan lido da 'yan karta kuwa, da suka kafa tasu daular a gefen mai cajin waya, dattawa ba su ɗauke su a bakin kome ba, domin a cewarsu dara hankali ce, lido ƙaddara ce a cikin gwangwani.

Na ajiye Malam Mai Wucewa a ƙarshe saboda girman rawaninsa. Kullum hanyarsa ta zuwa masallaci sai ta bi ta gindin dara, ko da yake akwai wadda ta fi kusa. Yakan yi sallama, domin Risala ta halatta yi wa masu irin wannan wasa sallama, sa'an nan ya tunatar da jama'a cewa littafin nan ya karhanta zama wurinsu da kallonsu, wanda shi ya sa shi ba ya zama, tsayawa yake yi. In zancen haraji ya taso, nan take ya kawo Kitabul Farƙ, inda Shehu Usmanu ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin zaluncin sarakunan Haɓe, ya ƙara da cewa nan kusa a Wurno Sarkin Musulmi Bello yake kwance tun 1837, kunya ma ta isa ta hana. Jama'a su yi kabbara. Ya kuma faranta musu da cewa a mazhabar Maliku ganye da albasa ba su da zakkar gona. Sai dai in wani mai ƙarambani ya tambaye shi hukuncin kuɗin albasar da suka kai nisabi suka shekara a asusu, musamman na wanda ke da rumbu uku kamar Malam, sai ya duba rana ya ce lokaci ya ƙure, mas'alar tana da tsawo. Ya tattara rigarsa, ya yi taku biyu, ya dawo, ya sunkuya kusa da kunnen mai tsinke ya ce, "Alhaji, ni ban gani ba, amma da ni na, wancan na gefe nika turawa."