Rabe-raben Masu Tsohuwar Pajero

A cikin motocin da ke yawo a arewacin Nijeriya akwai wani jinsi da farashinsa ke sauka yayin da labarin da ake bayarwa a kansa ke ƙara tsawo, shi ne jinsin tsohuwar jif mai ja da ƙafa huɗu, wato motar da injinta ke iya juya tayoyin gaba da na baya a lokaci guda idan hanya ta yi gardama. Daga cikin fitattun wannan jinsi akwai Pajero ta kamfanin Mitsubishi na Japan, wadda ta shiga kasuwa a 1982, aka fitar da zubinta na biyu a 1991, aka kuma daina ƙera ta a 2021. Zubin nan na biyu shi ne abin nazari a nan, bayan ya gama rayuwarsa ta farko a Turai, ya biyo ta Kwatano, ya yi wa ɗan kwangila ko hakimi bauta har ya gaji. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin man fetur, masu lissafi suka riƙa rabuwa da injin mai silinda shida, kuma abin da suka saki shi ne mutanen da ake magana a kansu suka cafe da murna, duk da sun sha jin cewa araha ba ta ado. Dukkansu sun yi imani cewa motar tana iya zuwa ko'ina, sai dai kowa da yadda yake ɗaukar wannan aƙida daga bakin shago zuwa bakin rafi.

Na farko, wanda kuma ya fi cancantar dogon bayani, shi ne Magajin Dakar. Wannan bawan Allah bai taɓa wuce Maraɗi ba, amma ya haddace tarihin tseren motocin nan da Bafaranshe Thierry Sabine ya assasa a ƙarshen 1978, wanda a da yake tashi daga Faris ya keta Sahara, sau da yawa ta Agadas da hamadar Tenere, ya ƙare a Dakar, babban birnin Sanagal. Ya san Pajero ta ci gasar sau 12, na farko a 1985, sa'annan sau bakwai a jere daga 2001 zuwa 2007. Ya san Jutta Kleinschmidt, Bajamushiyar da ta zama mace ta farko da ta lashe gasar a 2001. Yana kuma ambaton direban tseren nan Stéphane Peterhansel kamar yadda ake ambaton ɗan'uwan da ya tafi ci-rani ya daɗe bai leƙo gida ba. Duk wannan gaskiya ne, abin da kawai yake tsallakewa shi ne motocin da suka ci nasarorin ƙarshe an gina su ne musamman domin tseren, a kan firam na bututun ƙarfe, da ayarin injiniyoyi a bayansu, alhali tasa tana da lagireton da mai walda ya san shi ciki da waje, da batir da aka ɗaure da roba, da ƙofar baya da ba ta buɗuwa sai an shiga ta ciki an yi mata magana da ƙafa. Idan aka tuna masa wannan bambanci, amsarsa ba ta canzawa: jini ɗaya ne.

Fitarsa daji tana farawa ne da lacca. Kafin a sauka daga kwalta sai ya tsayar da ayari domin ya bayyana ƙaramin hannun giya da ke gefen babban, wanda a wannan zubi yake da matakai huɗu: na farko tayoyin baya kaɗai ke ja, na biyu duka huɗun, na uku a kulle gaba da baya ta yadda dole su juya tare, na huɗu kuma giyar ƙarfi, wadda ke rage gudu ta ninka ja. Zai ƙara da cewa ana iya sauyawa tsakanin matakai biyun farko mota tana tafe har zuwa kilomita 100 a awa, kuma haka kamfanin ya tsara, sai dai hannun tasa ya ƙi barin mataki na farko tun zamanin mai motar na biyu, kuma ƙananan fitilun da ke nuna tayoyin gaba sun shafe shekaru suna ƙiftawa ba tare da sun yanke shawara ba. A saman gaban motar akwai ma'aunin karkata, na'urar da ke nuna yadda mota ta jirkice a kan gangare, da ma'aunin tsawo daga teku. Nasa na farko yana nuna motar tana gab da kifewa ko da tana fake a harabar masallaci, na biyun kuwa ya tsaya cak a kan tsaunin Mambila ko ana tsakiyar Kano.

Amma baiwarsa ta ainihi ba ta bayyana sai mota ta kafe. A wannan lokaci yakan miƙa wa wani sitiyari, ya fito a natse, ya gano busasshen wuri ɗaya tilo da ke yankin, ya naɗe hannun babbar riga a kafaɗa, ya fara ba da umarni. "Karya hagu! A'a, dama na ce! Ba ta wuta! Kai, ɗaga ƙafa, za ka binne ta!" Samarin ƙauye da suka nutse cikin taɓo har gwiwa suna turi yakan sanar da su yadda Hiroshi Masuoka, wanda ya ci gasar a 2002 da 2003, yake fita daga yashi, bayanin da ba ya rage nauyin motar ko kaɗan. Idan ta fita, dabararsa ce. Idan ta ƙi fita, laifin ƙasar ne, domin ita wannan mota 'yar yashi ce, ba a gina ta don laka ba. Ranar da aka kai shi tuddan rairayin Yusufari a Jihar Yobe ta nutse har ciki, nan take bincikensa zai gano cewa ashe 'yar dutse ce, ranar kuma da aka kama hawan Mambila daga Serti zuwa Gembu lagireto ya tafasa, sai ya tuna cewa a Sahara babu irin wannan hawa. Duk da haka ba a iya tafiya babu shi, domin shi ne ke zuwa da kilishi, kuma ba a taɓa jin ya bar wani a daji da dare ba, ko da taimakon nasa bai wuce riƙe tocila yana haska wurin da ba a buƙata ba.

Mai Ado ba ya buƙatar dogon sharhi. Ya jera fitilu a rufi, ya ɗaure shebur da gatari masu jan fenti da ba su taɓa ganin ƙasa ba, ya rataya jarkoki biyu da babu komai a ciki, ya kuma kafa bututun shaƙar iska, wato bututun da ke hawa gefen gilashin gaba domin inji ya sha iska daga sama idan an shiga ruwa, sai dai nasa bai haɗu da komai ba a ƙarƙashin murfi. Wuri mafi haɗari da motarsa ta taɓa takawa shi ne kwalbatin ƙofar gidan ɗaurin aure.

Kishiyarsa shi ne mai "ai ba zurfi", wanda ke kallon rafi ta gilashi ya yanke masa hukunci, ba tare da ya tura kowa da sanda ya auna ba. Inji iska yake matsewa a cikin silinda, ruwa kuwa ba ya matsuwa, saboda haka idan ya shaƙi ruwa sandar fistin ce ke lanƙwashewa, kuma shi ya sa masu sayar da kayan gyara a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna ke ba wannan mutum kujera, su aika a kawo masa lemo mai sanyi. Akwai kuma Mai Sace Iska, wanda ya karanta, kuma daidai ya karanta, cewa rage iskar taya a yashi yana faɗaɗa tafinta ta daina nutsewa, amma bai kai shafin da ke maganar famfo ba, don haka yakan koma kwalta yana rarrafe har garin da ke da mai faci. Mai Lissafi shi kuma yana kashe inji a gangare domin tsimin mai, bai san da injin ne birki da sitiyari ke samun taimako ba, sai fasinjojinsa sun fara salati. Mai tsohuwar Land Cruiser yana zuwa ne kawai domin ya ja Pajero, yana kuma ja da zuciya ɗaya, muddin za a bar shi ya ba da labarin a wurin ɗaurin aure uku masu zuwa.

Bakanike ba mai mota ba ne, amma rabe-raben ba sa cika sai da shi. Shi ne wanda wata rana, cikin kyakkyawar niyya ko akasinta, ya kwance farfelar gaba, wato sandar ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin gaba, bisa hujjar cewa tana ƙara shan mai, ya kuma manta bai faɗa ba. Mai motar yakan gano hakan ne a watan Agusta, a tsakiyar fadama, lokacin da tayoyin baya ke feshin laka na gaba kuma suna kallo. Idan ya dawo da fushi sai bakanike ya russuna ya ce, "Alhaji, ai tana nan a ajiye," wanda ba ƙarya ba ne, tunda tana ajiye a ƙarƙashin motar wani Alhajin.

Duk waɗannan wautarsu a aljihunsu take ƙarewa, shi ya sa ake musu dariya a kuma ci tuwo da su. Mai Ratse dabam yake, kuma a kansa wasa ya ƙare. Shi ne wanda ke isowa inda hanyar burji ta jiƙe da damina, ya ga masu babur da amalanke suna lallaɓawa ta gefe ɗaya, sai ya karya sitiyari ya faɗa gonar gero, saboda ƙasar can ta fi tauri kuma motarsa tana iyawa. Abin da tayoyinsa ke kwantarwa a cikin minti guda huɗa ce da shuka da noman fari da maimai, abincin gida ne na watanni, kuma sawun da ya bari shi ruwan sama zai bi ya zaizaye har ya zama kwazazzabo a tsakiyar gonar. Idan ya tsaya kan hanyar ma bai fi ba, domin yakan taka wuta tayoyi su yi ta haƙa har ramin ya kai zurfin da akori-kurar ranar kasuwa ba za ta wuce ba, balle motar da za ta ɗauko mai naƙuda da tsakar dare. Da dattijon da ya yi jika da shi ya fito ya ce, "Yallaɓai, nan fa gona ce," ba ya ko sauke gilashi sosai, ba ya cewa Baba, abin da yake tambaya shi ne nawa ne geron.

Sa'annan idan ya kafe, 'ya'yan wannan dattijo da shanun huɗarsa ne za a kira. Zai maƙala igiya a ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota, wanda aka yi domin jan tirela a hankali ba domin fizga ba, kuma idan ya karye yakan tashi da ƙarfin da ya isa ya kashe mutum, ya bar yaran mutane tsaye daidai inda zai bi, shi kuma yana gefe da waya yana ɗaukar hoton da zai sa a Facebook. A ƙarshe ya zaro takardar kuɗi guda ya ce a sha ruwa. Irin wannan direba yana da tarihi: bishiyar nan ta Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai babu wata a kusa da ita, wani direban babbar mota ne ya buge ta a 1973, alhali yana da Sahara sukutum da zai bi, kuma gawarta tana gidan tarihi na ƙasa a Yamai. Saboda Mai Ratse ne a wasu ƙauyuka idan aka hango jif ta kafe mutane ke ci gaba da hirarsu a gindin bishiya, kuma babu mai adalcin da zai ga laifinsu.

Rukuni mafi yawa, kuma mafi zaman lafiya, shi ne na Masu Jira. Motar mai jira tana kan duwatsu a ƙarƙashin darbejiya, tana jiran wani ƙarfe guda da aka ce yana hanya daga kasuwar Ladipo ta Legas, kuma tun da ta tsaya ba ta ƙara kafewa ba, ba ta sha ko lita ɗaya ba, ba ta kuma taka gonar kowa ba. Maigidan yakan wanke ta ranar Asabar, ya zauna a ciki ya saurari labarai, ya kuma auna a taswira tafiyar da zai yi zuwa gandun Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991, har gindin Chappal Waddi mai tsawon mita 2,419, da zarar ruwa ya ɗauke. Binciken wannan rukuni bai ba marubucin wahala ba, tunda ana ganin samfurin daga tagar ɗakin da ake rubutun. Uwargida tana shanya barkono a kan murfin injin, kaji sun karɓi kujerar baya, 'yan gwangwan kuma suna biyowa lokaci-lokaci su yi tayi a kan kilo, maigidan ya kore su da faɗa. Sun daina jin haushi, domin uwargida ta riga ta karɓi lambar wayarsu.