Annabawa 400 da Mutum Ɗaya Mai Ɓata Taro

To, ku masu taɓe baki, ku matso kusa, yau da ku nake. Na san ku sarai. Ku ne da zarar muhawara ta yi zafi a taron dattawa, Baba Fasto ya gyara murya ya ce, "'Yan'uwa, bari mu kai wannan magana gaban Ubangiji," sai ku ɗaga kai kuna ƙirga fankokin majami'a. Wani ya saci kallon agogo, wani ya zunguri na kusa da shi. Ainihin taron kuwa sai an fito wurin ajiye babura, a nan ake yanke hukunci: "Shi ke nan, an binne maganar. Kuɗin rufin nan sai dai mu ji bayaninsa a Sama."

Ban ce ƙarya kuke yi ba. An sha toshe bakin mai gaskiya da "bari mu yi addu'a a kai", ma'aji ya sami wata uku yana gyara lissafinsa. Kun ma ga abin da ya fi wannan. Mama shugabar Zumuntar Mata ta yi azumi, aka nuna mata ankon bikin godiya shuɗi ne. Mataimakiyarta ta yi nata azumin, aka nuna mata kore. Masu son a ɗauke fasto sun kwana addu'a, masu son ya zauna su ma sun kwana, gari ya waye kowa ya fito da "Ubangiji ya yi magana da ni", kuma ikon Allah, Ubangijin bai taɓa saɓa wa ko ɗayansu ba. Sai ku harɗe hannu ku ce: to Malam marubuci, wacce ce muryar Allah a ciki?

Kuna ji kamar ku kuka fara gano wannan. Sannunku da bincike. Ku buɗe 1 Sarakuna sura 22, za ku tarar an riga ku da fiye da shekara 2,800.

Ahab sarkin Isra'ila yana so ya ƙwato Ramot-gileyad daga hannun Suriyawa, kuma ya riga ya ƙudura. Baƙonsa Yehoshafat, sarkin Yahuza, ya ce a fara tambayar Ubangiji tukuna. Ahab bai musa ba, ai irinsa ba sa ƙin addu'a. Ya tara annabawa wajen 400, bakinsu ya zo ɗaya: a tafi, nasara tabbas. Wani a cikinsu, Zadakiya, har ƙahonin ƙarfe ya ƙera ya zo yana nuna yadda za a tunkuyi abokan gaba. Ga sarakuna biyu cikin kayan sarauta a bakin ƙofar Samariya, ga annabci yana zuba ta ko'ina. Wane taron farkawa kuka taɓa zuwa da ya kai wannan armashi? Yehoshafat ne kaɗai abin bai kwanta masa ba, ya tambaya ko akwai saura. Ahab ya ce akwai wani Mikaiya, amma shi fa ya tsane shi, don bai taɓa faɗa masa abu mai daɗi ba. Ko ba komai, a nan Ahab ya fi yawancinmu gaskiya.

Ɗan aiken da ya ɗauko Mikaiya ya yi masa huɗuba a hanya, irin wadda ake yi wa sabon dattijo kafin ya shiga taro: kowa ya yarda, kada ka zo ka ɓata mana. Mikaiya ya iso ya fara da gatse, ya maimaita abin da sauran suka faɗa, har Ahab da kansa ya gane ba'a ce, ya matsa a gaya masa gaskiya. Da aka gaya masa, sai mari daga Zadakiya, sai kurkuku da ɗan abinci da ruwa. Ahab ya tafi yaƙinsa, amma ya ɓad da kama kada a gane shi (mutumin da bai yarda da annabcin ba ke nan!). Wani soja ya saki kibiya ba tare da ya auna kowa ba, ta shige ta mahaɗin sulken sarki. Da yamma ya cika.

Ahab ya kira taro, ya cika ƙa'ida, an ambaci sunan Ubangiji har an gaji. Abu ɗaya ya hana: bai bar wa Allah ƙofar ce masa a'a ba. Wanda ya durƙusa da hukuncinsa a aljihu, sa hannu ya je nema. Cutar Mama mai shuɗi da Mama mai kore ke nan, kuma ba addu'a ce ta sa musu ita ba. Kowannenmu yana da nasa 400 ɗin: abokan hira, 'yan yarenmu, da dandalin WhatsApp na "masu kishin ikilisiya" inda aka cire duk wanda ya yi tambaya.

Na ga kuna murmushi, kowa yana ganin shi ne Mikaiya. Ku dakata. Mikaiya ya tsaya gaban Allah kafin ya tsaya gaban sarki, ku kuwa wurin babura kuka tsaya. Danginku suna Joshuwa sura 9. Gibeyonawa suka zo da tsofaffin takalma da busasshiyar gurasa, suka ce daga ƙasa mai nisa suke, a yi alkawarin zaman lafiya da su. Shugabannin Isra'ila, mutane masu aiki da hujja irinku, suka duba guzurin da idonsu, suka gamsu, ba wanda ya ga amfanin ɓata lokaci a kan tambayar Ubangiji. Bayan kwana 3 aka gano maƙwabta ne, rantsuwa kuwa an riga an yi. A sura ta gaba sai ga sojojin Isra'ila sun kwana suna tafiya don su kare mutanen da suka yaudare su. Gurasar ta bushe ɗin, takalman sun tsufa ɗin, labarin da aka ɗora a kansu ne ƙarya. Mutum nawa a cikinku suka daina gaisawa da ɗan'uwa a kan hoton saƙon waya guda, wanda aka yanke kansa da ƙafarsa kafin a turo?

"To me kake so, mu zauna jiran murya daga sama?" Wa ya ce muku daga sama kaɗai take zuwa? Dawuda ya saba tambaya kafin ya ɗaga ƙafa. A 1 Sama'ila 23 sau biyu ya tambaya kafin ya tafi Kaila. Amma ranar da Nabal ya yi masa rowa da baƙar magana, bai tambayi kowa ba. Ya ce a rataya takubba, mutum 400 suka bi shi (wannan adadi dai ba ya rabo da rigima), da niyyar kada namiji ko ɗaya ya kai safiya a gidan. Bishewar Allah ta iso a kan jaki: Abigiyel, matar mutumin da za a yanka, da gurasa 200 da tumaki 5 gyararru, da magana mai sanyi da ta tuna masa wata rana zai hau sarauta, jinin yau kuma zai zame masa da-na-sani. Dawuda ya gode wa Allah da ya aiko ta. Daga gidan abokin faɗa ta fito fa. Baba dattijo, in matar ma'aji ta tare ka a hanya da magana, za ka tsaya ka ji, ko cewa za ka yi turo ta aka yi?

Tambayarku ta wacce ce muryar Allah tana da amsa, ba ku dai son ta ne. Wasiƙar Yakubu da ta ce wanda ya rasa hikima ya roƙa, ita ce kuma a sura 3 ta ba da ma'aunin gane abin da mutum ya samo. Cikin alamomin akwai son salama, da sauƙin hali, da yarda a fahimtar da kai, da rashin nuna bambanci. Ta ce akwai wata hikimar mai tafiya da kishi da son kai, har ta faɗi inda take fitowa. Ba zan maimaita ba, kada a ce na zagi kwamiti. Duk "Ubangiji ya gaya mini" da ya zo da jijiyar wuya a tashe, ba ya karɓar tambaya, kuma kullum mai shi ne ke cin riba, ku shinshina shi da kyau. Wanda kuwa ya tashi daga addu'a da aikin da ba ya so, ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar da ya rantse ba zai ƙara takawa ba, wannan ya ji muryar da ba tasa ba.

Ku kuma masu cewa addu'a ba ta raba shinkafa, ƙorafin farko da ya girgiza ikilisiyar Urushalima a kan abinci ne. Ayyukan Manzanni sura 6: masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon yau da kullum. Mu da muke da sujadar Hausa da ta Turanci a gini ɗaya, muna ja-in-ja kan wa zai shiga da sassafe wa zai sha rana, ba sai an fassara mana ba. Manzanni ba su ce gwauraye su yi haƙuri ba, ba su kuma kafa kwamitin gano wanda ya fara gunagunin ba. Suka tara jama'a, suka ce a zaɓi mutum 7 da aka shaida da Ruhu da hikima, suka yi addu'a suka ɗora musu hannu. Ku duba sunayen, daga Istifanas da Filibus har Nikolas mutumin Antakiya wanda ma ba haifaffen Bayahude ba ne: duka bakwai ɗin sunayen Helenawa ne. Masana da yawa suna ganin makullin sito aka miƙa wa ɓangaren da ya yi kuka. Wayon wurin babura ba zai taɓa kawo wannan shawara ba, don shi kullum lissafinsa kada namu su rasa kujera. Ku gwada ta a taron gunduma mai zuwa, ku ba ni labari.

Akwai ƙorafinku guda da ba na wasa da shi. Matar da miji ke duka a ce ta koma ta yi addu'a, ko mai bishara da aka hana haƙƙinsa a ce ya jira lokacin Allah: wannan tsoron mai ƙarfi ne aka sa wa rigar ibada. Matiyu 18 ta jera matakai, kai da shi, sannan da shaida ɗaya ko biyu, sannan gaban ikilisiya, kuma babu matakin share magana a ciki. Bulus da aka yi masa bulala a Filibi ba tare da shari'a ba, aka so a sallame shi a ɓoye, ƙin fita ya yi sai da mahukunta suka zo da ƙafarsu. Wadda ake duka, a fara raba ta da mai dukan, addu'a ba ta hana.

In kuma kun ce duk tsoffin labarai ne, ga na gida. Fasto James Wuye na Kaduna ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, yana jagorantar matasan Kirista a fagen faɗa. A ɗaya ɓangaren akwai Imam Muhammad Ashafa, wanda ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 aka haɗa su, suka soma aikin sulhu tare. Wuye ya sha faɗa a bainar jama'a cewa shekara 3 suna yawo tare, zuciyarsa tana raya masa ya danne Imam da matashin kai in ya yi barci. Wani fasto ne ya gaya masa ba zai iya wa'azin Almasihu da ƙiyayya a ciki ba. Maganar ba ta da daɗi, kuma akwai dubbai da za su ce masa yana da hujjar riƙe fushinsa, ga hannun ma shaida. Ya saurari mutum ɗayan. Su biyun ne suka tsaya aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a 2002, da ta Yelwa da Shendam a Filato a 2005. Kai kuwa ɗan'uwa, hannayenka biyu cif, kujerar mawaƙa kawai aka canja maka, yau shekara nawa ba ka cin Jibin Ubangiji a layi ɗaya da mutumin da ya canja ta?

Kada ku ce na yi muku alkawarin kowace rigima da rungume-rungume take ƙarewa. Bulus da Barnaba sun yi cacar baki a kan Markus har suka raba hanya, ɗaya ya shiga jirgi zuwa Kubrus, ɗaya ya ɗauki Sila ya bi ta Suriya, kuma Luka da ya rubuta labarin bai ce ga mai gaskiya ba. Sai can gaba muka ji Bulus yana rubuta wa Timoti ya taho masa da Markus, wai yana da amfani. Manzo guda ke nan, shekaru ya ɗauka.

Amma kafin ku ce to ai mu ma sai mu ɗauki namu shekarun, ku tuna da Afodiya da Sintiki. Mata biyu ne a ikilisiyar Filibi, sun yi fama tare da Bulus a aikin bishara, shi da bakinsa ya shaida. Suka sami saɓani, magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa har ta iske Bulus a kurkuku, shi kuwa ya sa sunayensu a wasiƙar da za a karanta wa jama'a. Yau kusan shekara 2,000 ana kiran sunayen nan daga bagade, da Hausa, da Turanci, da harsunan da ba su taɓa jin labarinsu ba, ba wanda ya san a kan me suka yi faɗan, kowa dai ya san sun yi. Mama mai shuɗi, Mama mai kore, magatakarda fa yana rubutawa.