Ƙafar Jarumi Ba Ta Taɓa Ƙasa Ba Tukuna

Ranar Talatar nan wani matashin marubuci, mazaunin Agege da ke sayar da caja da gilashin waya a gindin gadar Mile 2, ya lalata wa mai wannan shafi shayinsa. Tambaya ɗaya aka yi masa a teburin mai shayi, ita ma don kada a yi zaman kurame: ina yake samo labaransa? Sai ya ajiye kofi, ya lumshe ido, ya ce shi fa ba ya neman labari, labari ne ke nemansa. Wai ilhama ce, ƙarfe biyun dare take zuwa, kuma ba ta son hayaniya. Har da falsafa: alƙalami amana ne, marubuci kuwa madubin al'umma.

To, aka karɓi wayar da yake rubutu a ciki aka leƙa madubin.

Baƙaƙen motoci sun shigo wani tanƙamemen gida a Maitama. Masu tsaro sun ruga sun buɗe ƙofa. Jarumi bai fito ba. Sai da ya sha ƙamshi na minti biyar sannan ya zuro ƙafa. Guda ɗaya. Fara ce sol, gashinta kwance luf, cikin takalmin da kuɗinsa zai sayi fili a bayan Kano. An bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, an yaba faratan, an faɗi sunan turaren da ya riga ta fitowa. Ma'aikatan gida sun zube suna gaishe ta. Babi na farko ya ƙare tana reto tsakanin mota da ƙasa.

Duk mai bin littattafan WhatsApp da Wattpad ya san wannan ƙafa. Ta sauka a Abuja, ta sauka a Dubai, kwanan nan ta koma Turkiyya. Mai ita kyaftin ɗin soja ne, ko likitan zuciya, ko yarima mai jiran gado, wata sa'a duka ukun. Miskili ne, sallama ma da gira yake amsawa. Ƙafar ce kaɗai ke aiki a jikinsa, ita ma ba ta gaggawa.

A kawo ta Mile 2 mana a gani. Nan danfo ba ya tsayawa, rage gudu kawai yake yi, kwandasta na rataye a ƙofa yana kururuwar Oshodi. Wanda ya zuro ƙafa ɗaya ya tsaya shan ƙamshi, ko dai babur ya tafi da ita, ko ta auka kwata, ko wani ya cire takalmin ya kai kasuwa kafin ta biyun ta fito. Jirgin ƙasan da ya fara jigila tsakanin Marina da Mile 2 a Satumban 2023 ma ƙofarsa da kanta take rufewa, ba ruwanta da ɗan sarki.

Ba aron labarin wasu ƙasashe ne laifi ba. Abubakar Imam ya ari labaran Larabawa da na Turawa da na Indiya ya zuba a Magana Jari Ce, amma sai da ya sa musu rawani da bakin Hausa, ya damƙa wa aku, har yau wasu na rantsuwa a garinsu abin ya faru. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, kuma babu wanda ya jira ƙarfe biyun dare. Ranar rufe gasa ce ta kore su. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana yarinya, ba ta je Dubai neman abin da za ta rubuta a Wa Zai Auri Jahila? ba. A ƙofar ɗakinta ta same shi.

Abin da ke ƙona rai ke nan. Taku kaɗan daga teburin cajar nan, direbobin tanka da tirela daga Kano da Gusau da Potiskum na kwana a layin shiga Apapa da Tin Can, tabarma a ƙarƙashin mota, buta a gefen taya, suna biyan kuɗin da babu rasit a kowane shinge. Ga 'yan acaɓar da gwamnatin Legas ta tsananta wa doka a 2022, wasu suna ji suna gani aka niƙe baburan da ba su gama biya ba. Kowannensu na ɗauke da abin da zai cika littafi uku, kuma shi marubucin ne ke sayar musu da caja. Amma wai hayaniyarsu ce ke korar masa ilhama. Madubin al'umma ya juya wa al'umma ƙeya.

Su ma dai mutanen teburin shayin ba su da dama. Da jin an ce marubuci, mai shayi ya ce ai rayuwarsa kaf littafi ce, a rubuta, amma a raba riba biyu. Mutumin da tun azumin bara yake yanka burodin Agege siriri har ana hango wucewar mota ta cikinsa, madara kuwa nuna wa kofi gwangwanin kawai yake yi. Aka yi masa magana ya ce dala ce ta tashi. Da dalar ta ɗan sauka aka sake tuntuɓarsa, ya ce shi bai da labari, ba ya sauraron rediyo. Ga shi kuwa rediyon na rataye a wuyan tukunya.

Marubucin dai ya ce babi na biyu na kuɗi ne. A tura ta asusun banki, a aiko shaidar biya, sai a sa mutum a rukunin manya inda ɗaya ƙafar za ta fito. Mai shayi ne ya fara turawa.