Babur a Sama, Mota a Igiya

A Amurka akwai wasu dattawa da Allah ya jarrabe su da wata damuwa wadda in mutumin Gella ya ji ta, sai ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Mutum ya yi ritaya, ya sayi ƙatuwar a-kori-kura, ya kuma sayi gida mai taya: ɗakin kwana, falo, kicin, banɗaki, har da na'urar sanyaya ɗaki, wani tsawonsa ya haura mita 12. Yawancin irin waɗannan gidaje a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su. Ba a bamba ake ɗaura gidan ba. A tsakiyar bayan motar ake kafa wani farantin ƙarfe irin wanda ke haɗa kan tirela da bodinta, gaban gidan ya hau kai ya zauna daidai saman tayoyin baya. To, farantin nan ya cinye wurin kaya, ga shi dattijo yana da ɗan ƙaramin babur da yake so ya tafi da shi, don in an yada zango a gindin wani dutse ya riƙa hawa yana zuwa sayen burodi. Ina za a sa babur?

A kan wannan tambaya mutum zai yi wata guda yana lissafi. Zai buɗe ƙofar direba ya karanta 'yar takardar da kamfani ya manna, wadda ta faɗi iyakar nauyin mutane da kaya. Zai tuna cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin gidan a kan motar yake sauka. Zai je inda manyan motoci ke hawa sikeli, ya biya kuɗi a auna masa gaba daban, baya daban. In ya rataye babur a gaban mota, ya tare wa lagireto iska, ya kare fitila. In ya maƙala shi a ƙeyar gidan, kowane rami sai ya wurga shi sama, ƙarfen na iya tsagewa. In ya ƙara 'yar tirela ta biyu a baya, wata jiha ta yarda, maƙwabciyarta ta ce ba ta san zancen ba. Ƙarshenta wani sai ya sayar da gidan ya sayi mai gareji a ciki. Duk a kan babur ɗin da da kaɗan ya fi buhun masara nauyi.

Da wannan bawan Allah zai yi tattaki zuwa Gella, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu a Adamawa, ya tsaya a tasha ranar kasuwa, da kafin shayinsa ya huce an raba shi da damuwar. Kamasho zai dubi babur, ya dubi mota, ya ce, "Kawo igiya." Shi ke nan. Motar kuma Starlet ce, 'yar ƙaramar Toyota da Japanawa suka fara ƙerawa a 1973 suka daina samfurin a 1999, ita kanta ba ta kai tan ɗaya ba, kujerunta na mutum biyar ne. A can an yi ta ne don uwargida ta je cefane. Da ta tsufa a Turai aka sa ta a jirgin ruwa, ta sauka a Kwatano ko Legas, ta hauro har ƙasar Mubi, sannan ta gane ashe duk shekarun baya hutu take yi.

Da isowarta za a kai ta wurin makanike a canza mata sifirin da na motar da ta fi ta ƙarfi, a ɗaga bayanta. Ƙofar but kuwa, daga ranar ta yi ban kwana da rufuwa. Ma'aunin lodi tafin hannu ne. Kamasho zai durƙusa ya zura hannu tsakanin taya da bodi. In hannu ya shiga, akwai wuri. In bai shiga ba, sai a kira yaro mai ƙaramin hannu.

Mutum huɗu a baya, biyu a kujerar gaba, ɗaya ya raba kujera da direba, giya kuma tana tsakanin gwiwoyin wani malami da ba a nemi shawararsa ba. Yara ba sa shiga lissafi, haka ma kaji. Akuya ce kawai ake ɗan tattaunawa a kanta. Sai an gama cusa buhunan gyaɗa da dawa da wake, an ɗora jarkoki, an soka daman rake ta taga, sannan majiya ƙarfi huɗu su cicciɓi babur, a tsiyaye mansa, a kwantar da shi a can ƙololuwa, a ɗaɗɗaure da robar tsohon tub. Wani mai babur ɗin ba ya yarda ya rabu da dukiyarsa, sai ya haye sama ya zauna kusa da shi yana riƙe da hannunsa har Mubi, in an tambaye shi ya ce ai a babur ya zo.

Baƙo zai tambaya: babur ɗin nan lafiyarsa ƙalau, me ya hana shi tafiya da tayarsa? A nan dai mutumin Gella da dattijon Amurka bakinsu ɗaya. Gella a gindin Duwatsun Mandara take, ƙauyukan da ke kan tudu ta wajen Kwaja da kewaye kuwa, mota tana da inda take cewa ta gaji, balle da damina in ruwa ya yanke hanya. Daga inda mota ta tsaya aikin babur yake farawa. Bambancin kawai, wancan burodi zai je saye, wannan kuwa buhun taki zai hau dutse da shi, ga maiɗakinsa a baya da goyonta.

Sai kuma mai. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya ƙare, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ba ta kuma sake leƙo inda ta baro ba. Mutanen bakin iyaka ma sun riga kowa ɗanɗanawa, don a Nuwamban 2019 an taɓa hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, wai don kada ya sulale Kamaru. Man dai ya san hanyar Sahuda ta kan iyaka fiye da wanda ya rubuta dokar. Direba yana kallon kowane buhu a matsayin lita, mai babur kuma ya lissafa ya ga kuɗin ɗora shi bai kai kuɗin shayar da shi ba. Duk wanda ya ce lodin nan hauka ce tsantsa, ba shi ke sayen mai a gidansu ba.

Amma in ana son gaskiya, abin da ke karya sifirin a ƙasar nan kunya ce. Mota ta cika, an ɗaure, direba ya yi bismilla ya tayar, sai ga wata tsohuwa tana ɗaga hannu daga gindin bishiya.

"Ɗana, Mubi za ka? Ɗan saƙo ne za ka miƙa wa ƙanwarka a makaranta."

"To Goggo, ina saƙon?"

Sai ta waiwaya ta yafito yara biyu da suke jan buhu a ƙasa. Ɗan saƙon ke nan: garin tuwo, gyaɗa, ƙullin kuka, galan ɗin mai, da wani abu a ƙasa da ke motsi. Da wane baki zai ce ba wuri? Ita ta yi masa wanka yana jariri, aminiyar mahaifiyarsa ce, kuma kafin ya dawo daga Mubi labari ya zaga gari cewa tun da ya samu mota ya daina ganin mutane. Saboda haka zai ce, "Akwai wuri, Goggo," alhali shi da ita da motar duk sun san babu. Kafin a gama ɗaure nata, Bappa ya iso da ƙyauren ƙofa da za a kai wa mai walda, shi ma ɗan saƙo. Mai sallahu ba ya biyan kuɗin mota, addu'a yake biya, addu'a kuwa gidan mai ba ya karɓa. Takardar nan ta jikin ƙofa da Bature ke karantawa, wanda ya rubuta ta ba shi da goggo a bakin hanya.

Fasinjoji ma ba a bar su a baya ba. Mutumin da ya fi kowa ihu cewa mota ta cika, a daina ɗaukar kaya, shi ne wanda nasa kayan suka riga suka shiga. In ka bincika, buhu uku na ƙasan nan nasa ne, babur ɗin ma na ƙaninsa ne.

Gida mai taya kuwa, mu ma muna da namu, sai dai sau ɗaya yake tafiya a rayuwar mace: ranar kai kayan amarya. Gado, katifa, kujeru, durowa mai madubi, tukwane, randa, labule, kafet, firji ko da unguwar ba ta ga wuta ba tun bara, duk a bayan a-kori-kura ɗaya, 'yan jere a zazzaune a kan katifa suna guɗa. Dole a bar komai a buɗe, don in an rufe da tamfol maƙwabta ba za su ƙirga ba, in ba su ƙirga ba kuwa asarar kuɗi aka yi. A saman wannan duka za ka hangi babur ɗin abokin ango, wanda aka ɗora saboda shi zai komo da direba ɗaukar abin da aka manta. Kullum kuma sai an manta wani abu.

Ba wai direbobinmu ba su san abin da Bature ke tsoro ba. Sun fi shi sani, don a jikinsu suka karanta. Nauyin da ya zarce tayoyin baya ɗaga gaban mota yake yi, sai ka ga Starlet tana tafe hanci a sama kamar akuyar da ke miƙa wuya ga ganyen da ya fi ƙarfinta, tayoyin gaba da ƙyar suke taɓa ƙasa, alhali su ne masu juya mota, su ne masu jan ta. Kayan da aka tula a sama su ke sa ta jirkice a kwana. Birkin da aka yi don mutum biyar, in aka ce ya tsayar da mutum tara da buhu takwas a gangara, zafi yake ɗauka ya saki. Ka faɗa wa direba duk wannan, zai saurare ka da ladabi har ka gama, sannan ya ce, "Gaskiya ne Malam, Allah dai ya kiyaye," ya juya ya ƙara jarka biyu. Mun mai da wannan addu'a kayan gyara, inda ya kamata a sa sabuwar taya sai a sa ta.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 Wole Soyinka ya fara shugabantarta, ta daɗe tana wa'azi a kan lodin wuce kima. Ana jin wa'azin, har an samo masa magani. In an hango shinge daga nesa sai direba ya tsaya a bayan kwana, fasinjojin da suka yi yawa su sauka su taka da ƙafa, su wuce masu shinge suna gaishe su da mutunci, su jira mota a gaba. In da tsofaffi a cikinsu, sai a sauko da babur ya yi jigilarsu. Mota ta iso shinge da mutum biyar cif, direba ya ce, "Yallaɓai, barka da aiki." Yallaɓai ya dubi mota, ya dubi ayarin masu tafiya a ƙasa da rana tsaka babu ko ƙunshi a hannunsu, kowa ya gane, kowa ya yi shiru.

Akwai dai lokacin da ba wanda ya yi wa wannan lodi dariya. A ƙarshen Oktoban 2014 da Boko Haram suka shiga Mubi, jama'a suka fantsama, wasu suka nufi Yola, wasu suka bi ta duwatsu suka tsallaka Kamaru. A ranakun nan direban da ya ce akwai wuri rai ya ceta, babur ɗaya ya kwashi iyali guda. Ina jin tun daga nan ya ƙara yi wa mutanen yankin wuya su wuce su bar mutum a bakin hanya yana ɗaga hannu.

Saura ja. Mota mai irin wannan aiki dole wata rana ta yi zuciya, kuma ba ta yi sai a inda ba inuwa. A nan babur ke nuna ranarsa: a sauko da shi a tura yaron mota Mubi ya taho da makanike. Sai a tuna an tsiyaye mansa a tasha. Sai a nemo tiyo, wani ya sa baki ya zuƙo daga tankin motar, ya tofar, ya yi salati. Yaro ya tafi ya dawo ya ce makanike ya tafi ɗaurin aure. Motar janwe kuwa labarinta ake ji. Abin da zai faru shi ne wata Starlet ɗin, ita ma a cike maƙil, za ta tsaya, don direbanta ba zai iya wuce ɗan'uwansa ba. A haɗa igiyar ɗaure shanu da wata tsohuwar sarƙa, a mai da babur saman ta gaba, a ɗaura mara lafiyar a baya. Injinta a mace yake, birkinta ya ƙara tauri, fitilar birkin ta gaba kuwa buhu ya rufe ta, saboda haka ana naɗa wani fasinja ya leƙo da kai ta taga yana ihu, "Taka! Taka!" duk lokacin da aka zo gangara. Igiya ta tsinke a ƙulla, ta sake tsinkewa a sake ƙullawa, motocin suna ƙara kusantar juna har su fara gaisawa da bamba.

Ana cikin wannan hali, in wani ya ɗaga hannu a bakin hanya, direban da ake ja zai leƙo ya ce a ɗan tsaya, ai yana da wuri tunda yaron mota ya koma ta gaba.

Rigimar tana jira a tashar Mubi. Fasinjojin motar baya su ce rabin kuɗi za su biya, tunda daga rabin hanya ko ɗigon mai motar ba ta sha ba. Direban gaba ya ce kuɗin nasa ne, man motarsa ne ya kawo su. Mai babur ya ce a biya shi aron da aka yi wa babur ɗinsa, da madubin da ya fashe wajen saukewa. Direban baya kuwa ya tsaya a bakin ƙofa ya miƙa hannu, yana tambayar kowa ɗaya bayan ɗaya: "Alhaji, nan Mubi ne ko ba Mubi ba ne? To, cika min kuɗina."