'Yan Rakiyar Sayen Tsohon Inji

Ranar da Kawu, mai garejin walda da gyaran injin niƙa a Gwarzo, ya ce zai shiga Kano sayen injin feƙe ƙarfe mai kwamfuta, wanda ake kira si-en-si, mu uku muka fito daga gida. Kafin mu wuce Rimin Gado mun zama bakwai. Sayen tsohon inji kamar ɗaurin aure yake, ba ka san kana da dangi ba sai ranar.

Injin yana cikin wata masana'anta da ta rufe a Sharaɗa, irin waɗanda rashin wuta ya kwantar. Aikinsa shi ne ka ɗaure masa gungumen ƙarfe, ka ba shi zane ta kwamfuta, ya sassaƙe maka shi daidai, kuskuren bai kai kaurin gashi ba. Burin Kawu shi ne masu injin niƙa da na ban-ruwa daga Kabo, Garo da Getso su daina zarya zuwa Ƙofar Ruwa saboda ƙaramin ƙarfe guda.

Dillali ne ya tare mu a ƙofa, hannu biyu-biyu. "Alhaji, wannan ba inji ba ne, amarya ce. Bature ne ya yi aiki da shi, Baturen ma dattijo, ba ya fitowa sai Talata." Amaryar kuwa warin sabon fenti take yi, an shafe ta har kan notina. Ka ce a kunna, ya ce yanzun nan aka ɗauke wuta. Ka ce janareta, ya ce mai makullin ya tafi jana'iza. Da ya ga Kawu ya yi shiru, sai ya matso ya rage murya: akwai wani Alhaji daga Maraɗi da zai zo gobe da kuɗinsa a buhu. Wannan Alhajin na Maraɗi na ji labarinsa a cinikin mota, na ji a cinikin fili, har a cinikin firji na ji shi. Yau shekara nawa bai iso ba. Ina jin a Jibiya aka tsare shi.

Sai mai ƙwanƙwasa. Makaniken injin Lista ne daga Kabo, ya tsufa cikin baƙin mai, kuma bai yarda akwai ciwon da sifana ba za ta gano ba. Ya zagaya injin sau uku, ya buga nan, ya kara kunne can, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya. "Ƙarfen Ingila ne," in ji shi. A gefensa ga farantin kamfani an rubuta Japan ɓaro-ɓaro. Daga nan ya shiga neman inda ake zura hannun tayarwa, da bai samu ba ya tambayi ina bel. Ban raina shi ba, domin Lista ba ta ɓoye ciwonta, da ƙara take faɗa. Amma ciwon wannan injin shiru yake yi. Yana cikin dogon sukurun da ke tura teburi, wanda in ya cinye sai ya riƙa wasa, ka ce da'ira ya yanka maka ƙwai. Yana cikin boris ɗin kan da ke juya wuƙa. Ba a gane su sai da ma'auni mai allura kamar agogo, kuma sai injin yana tafiya.

Akwai ɗan Gwanzu. Sau ɗaya ya je birnin Gwanzu na Chana saro kayan waya, amma yana kiran garin kamar wata unguwa ce bayan Gwarzo. Kowane farashi sai ya mayar da shi dala, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 lissafin nasa ba ya kwana. Ya nuna mana sabo fil a waya, rabin kuɗin wannan. Da aka duba, na sassaƙa ƙofar katako ne.

Yaron Kawu da ya gama kwalejin fasaha shi ma yana nan, ya haddace yaren injin a YouTube. Ya ce ƙwaƙwalwar ta kamfanin Fanuc ce, ya fara bayanin G01. Aka aike shi sayo ruwan leda.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne tsohon da ke kan benci a bakin ƙofa, da rediyo a cinya. Mai gadi muka ɗauke shi, kuma mai gadin ne, sai dai kafin kamfanin ya rufe shi ke tuƙa wannan injin. Babu wanda ya tambaye shi komai. Sai da ciniki ya yi nisa, ana "albarka" ana "a ƙara", ya taso ya gaishe da Kawu, ya ce, "Alhaji, a bayan akwatin nan akwai wani ɗan batir. Shi ke riƙe wa injin hankalinsa in babu wuta. In ya mutu, injin ya manta komai, har tsawon teburinsa. Kun tambayi takardun saitinsa?" Kowa ya yi tsit. Ya ƙara da cewa wuta mai layi uku yake ci, ta Japan kuma, bolt 200, tamu kuwa ta haura 400, don haka sai da taransifomarsa. Yana son iska daga kwamfuresa, yana son daɓen kankare mai kauri, ba ya shiri da ƙurar hunturu. Sannan ya tambaya a hankali, "Awa nawa kuke samun wuta a Gwarzo?"

Dillali ya yi dariya ya ce, "Baba, kamar ana buga ƙofa." Baba ya koma bencinsa.

Ni kuma ina cikin wani jinsin, 'yan shaida. Ba mu san inji ba, ba mu sa ko kwabo ba, namu "Allah ya sanya albarka" da sa hannu a takarda. Na ji maganar tsohon sarai, na kuma gane gaskiya ce. Amma an riga an aika sayo shinkafa da kaza, sai na ga ba lokacin ɓata ciniki ba ne.

An sallama, dillali ya karɓi la'adarsa daga ɓangare biyu. Motar ɗaga kaya ta ɗora injin, ya kwana a hanya, aka rushe rabin katangar gareji kafin ya shiga. A ranar ne jinsin ƙarshe ya bayyana, wato Malam Da-Ka-Tambaye-Ni. Shi ba ya zuwa ciniki, ba ya ɗaga waya ranar ciniki, sai kaya sun sauka ya iso da hannu a baya. "Cinikin biri a sama kuka yi. Da ka tambaye ni, akwai wani a Bompai." Kawu ya tuna masa cewa sau huɗu ya kira shi. Ya ce wayar na caji.

Damina biyu ke nan injin yana ƙarƙashin tamfol. Yaron Kawu yana ta rubuta wa wasu mutane a Indiya neman takardun saiti, makaniken Kabo kuma yakan biyo ya ƙwanƙwasa shi, ya tabbatar har yanzu ƙarfen Ingila ne. Makon jiya na leƙa, na tarar Inna ta janye tamfol ta shanya kuɓewa a kan teburin. Ta ce duk gidan babu wurin da ya kai shi daidaito.